Majigi, Silima da Yaran Ƙasar Gusau a Tsakiyar Ƙarni na Ashirin

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasashe da dama sun ɗauki yaro a matsayin ɗan kallo mai haƙƙin a shirya masa fim nasa na kansa. A Ingila an kafa Children's Film Foundation a 1951, ana yanko kuɗin tafiyar da ita daga harajin tikitin silima, ana kuma nuna fina-finanta da safiyar Asabar ga yara zalla. Indiya ta kafa tata hukumar a 1955 da ƙarfafawar Jawaharlal Nehru. Tarayyar Sobiyet ta riga su, domin tun 1936 take da kamfanin fina-finan yara. A Faransa, Albert Lamorisse ya fitar da Le Ballon Rouge a 1956, labarin yaro da jan balan-balan a titunan Faris wanda bai kai minti 40 ba, ya ci kyauta a bikin fina-finai na Kan, ya kuma ci Oska. A Amurka kuwa kamfanin Disney ya mayar da fim ɗin iyali babbar kasuwa, daga Cinderella a 1950 har zuwa Mary Poppins a 1964.

Me yaron Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu yake kallo a waɗannan shekaru? Ra'ayin wannan maƙala shi ne yaran wannan yanki sun sami wurin kallo na iyali, wato filin majigi, amma ba a taɓa shirya musu fim ba, kuma har yau finafinan Hausa suna ɗauke da wannan giɓi.

Sai an fara duba yadda Gusau take a lokacin. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama cibiyar sayen auduga da gyaɗa a gabashin Lardin Sakkwato. Kamfanonin Turawa da 'yan kasuwa Kwarori da ma'aikatan jirgi daga Kudu suka taru a Sabon Gari da kewayen tasha. A 1938 aka turo Ahmadu Bello, sabon Sardauna, ya zauna a Gusau yana kula da gundumomin gabas a madadin Sarkin Musulmi. Gari ne mai fuska biyu, ta sarauta da malanta da ta kanti da bariki, kuma hoto mai motsi ya shigo ta ƙofa biyu daidai da wannan rabuwa.

Ƙofa ta farko ita ce gidan silima na kuɗi. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya bi tarihin gidajen silima na Kano tun daga Rex a 1937, ya nuna yadda aka ɗauke su wuraren da ɗan mutunci ba ya son a gan shi, ana lissafa su tare da gidan giya da gidan karuwai. Wannan hukunci bai tsaya a Kano ba. A duk garuruwan Arewa silima wurin samari ne da 'yan bariki, da dare ake shiga, matar aure ba ta zuwa, yaron da aka kama a can kuwa ya san abin da zai tarar a gida. Saboda haka fim ɗin Indiya irin Mother India na 1957, wanda gaba ɗayansa kan uwa ne da 'ya'yanta da bashin mai ba da rance da ruwa, maza ne suka kalle shi a Arewa, iyaye mata da yaran da labarin ya fi shafa suna gida.

Ƙofa ta biyu ita ce majigi, kuma nan ne ya kamata a daɗe. Motar gwamnati ce mai ɗauke da injin wuta da na'urar haska hoto da lasifika. Takan isa gari da rana, a gaida hakimi, sanƙira ya yi shela, bayan sallar isha'i a kafa farin allo a fili, yawanci ƙofar fada ko filin makaranta. Ba a biyan ko anini. Garuruwan hakimai da ke bakin titi su ne matsayar irin wannan rangadi, kuma Tsafe ta 'Yandoto da Bunguɗu ta Sarkin Fulani duka suna kan babbar hanyar da ta taso daga Zariya zuwa Sakkwato. Da yake da izinin sarauta ake yin taron, kuma a sarari, abin kunyar da ke tattare da silima bai shafe shi ba. Yara su ne a gaba a zaune a ƙasa, dattawa a kan tabarmi ko kujeru, 'yan mata da tsofaffin mata daga gefe. In ana neman kallon iyali a ƙasar Hausa ta shekarun 1950, to wannan ne.

Amma me ake haskawa? Labaran gwamnati, rangadin Gwamna da sarakuna, darussan tsafta da rigakafi da noma, sai ɗan fim na barkwanci irin na Charlie Chaplin don a riƙe jama'a. Tushen wannan tsari yana wurin William Sellers, jami'in lafiya a Legas wanda ya fara amfani da fim wajen yaƙi da annoba, daga baya ya jagoranci Colonial Film Unit da aka kafa a 1939. Sellers ya shimfiɗa ƙa'idoji: a yi hoto a hankali, kada a yawaita yanke-yanke, kada a sa dabarun kyamara, domin a ganinsa ƙwaƙwalwar Ba'afirken da bai yi boko ba ba za ta ɗauka ba. Daga nan aka sami salon mai wayo da wawa, inda manomi ɗaya ya bi shawarar malamin gona ya yi arziki, ɗaya ya ƙi ya tsiyace. Baban Larai, fim ɗin Hausa na shekarun 1950 kan noman auduga, wanda tsofaffin Arewa ke tunawa da shi har yanzu, daga wannan zuriya ya fito, kuma ba sai an faɗi dalilin da ya sa saƙonsa ya dace da ƙasar da ke da injin gurzar auduga kamar Gusau ba.

Abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne, a shekarun da Ingila ke kashe kuɗi tana nazarin abin da ke burge yaron Landan, hukumarta ta mulkin mallaka tana shirya wa magidanta masu gemu fina-finai kamar ana magana da yara. An ƙasƙantar da babba, shi kuma yaron gaske da ke zaune a gaban allo ba a sa shi cikin lissafi ba. Yakan ɗauki abin da ya samu: faɗuwar Chaplin, kwaikwayon muryar mai sharhi, da al'ajabin ganin mutum yana tafiya a jikin ƙyalle.

Wani zai ce ware wa yara fasaha tasu al'adar Turai ce, Bahaushe bai san ta ba. Wannan ba daidai ba ne. Tatsuniya tana da lokacinta da masu sauraronta, kaka ce ko gwaggo ke yi wa yara da dare, Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami kuma taurarin yara ne tun kafin a san allo. Tashe a watan azumi wasan kwaikwayo ne da yara ke shiryawa da kansu. Hatta gwamnatin mulkin mallaka ta san da wannan a fagen rubutu, tunda Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, don 'yan makaranta aka rubuta shi. An yi wa yaro littafi, aka hana shi fim, alhali majigi ta zo ne a daidai sa'ar da ake yin tatsuniya.

Akwai wata hujja da ta fi wannan ƙarfi: kuɗi ba su da yawa, cututtuka da jahilci suna kashe mutane, don haka fim ɗin rigakafi ya fi cancanta. Na yarda da rabin wannan. Sai dai Indiya ma matalauciya ce a 1954 da aka yi Boot Polish, labarin marayu biyu masu goge takalma a Bombay, kuma bayan 1960 da 'yan Arewa suka karɓi sashen fim na gwamnati, irin su Adamu Halilu, aikin da aka ɗora musu bai canza ba, wato wayar da kan manya.

Da aka fara finafinan Hausa na bidiyo da Turmin Danya a 1990, gadon silimar Indiya aka ɗauka, soyayya da waƙa da rikicin kishiyoyi. Bidiyo ta shigar da fim cikin gida, ta kai shi ga mata, yara kuma suka ci gaba da zama 'yan rakiya. A Zamfara, wadda ta zama jiha a 1996, an rufe gidajen silima bayan ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999, amma ba a kafa wani abu don yara a madadinsu ba. Yau yaron Bunguɗu yana kallon fim ɗin faɗa na Indiya mai fassarar Hausa a wayar yayansa.

Misalin da ya fi kusa da Zamfara na yadda za a cike wannan giɓi shi ne Iran. A 1965 aka kafa cibiyar raya basirar yara da matasa da ake kira Kanun, a can Abbas Kiarostami ya yi fim ɗinsa na farko a 1970, kan yaro da burodi da kare a lungu. Cibiyar ta ci gaba da aiki bayan juyin juya halin 1979, fina-finan yara kuma suka zama abin da ya fi fito da sunan silimar ƙasar a duniya, ba tare da rawa ko tsiraici ba. Kayan aikin da irin wannan fim ke buƙata kaɗan ne, kuma Ma'aikatar Ilimi ta jiha tana da filayen makarantun firamare a Gusau da Tsafe da Bunguɗu inda za a iya kafa allo da yamma, kafin duhu ya yi, tunda matsalar tsaro ta sa taron dare ya yi wuya a ƙauyuka da yawa.