Yadda Garin Framingham Ya Tona Asirin Ciwon Zuciya

Ranar 12 ga Afrilu 1945 shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu, bayan jijiyar jini ta fashe a ƙwaƙwalwarsa. Awon jininsa a ranar ya kai 300/190. Shekaru ya yi jinin na hawa a kan idon likitocinsa, amma ilimin wancan zamani bai ɗauki hawan jini a matsayin makashi ba. Likitoci da yawa na ganin rakiyar tsufa ce kawai, wasu ma na cewa jiki na buƙatarsa don jini ya samu ratsa jijiyoyin da suka taurara. Alhali kusan rabin waɗanda ke mutuwa a ƙasar, cutar zuciya da ta jijiyoyin jini ce ajalinsu.

A 1948 magajinsa Harry Truman ya sa hannu kan dokar da ta kafa cibiyar binciken zuciya ta ƙasa. A shekarar ne kuma aka soma aiki a Framingham, wani gari a jihar Massachusetts kusa da Boston. Maimakon a jira mutum ya kwanta sannan a tambayi me ya kayar da shi, sai aka ɗauki mutum 5,209, maza da mata, masu shekara 30 zuwa 62, waɗanda ciwon zuciya bai bayyana a jikinsu ba. Duk bayan shekara biyu su dawo a auna jininsu da nauyinsu, a gwada zuciya, a rubuta ko suna shan taba. Daga nan sai jira, a ga wa zai kamu, wa zai tsira.

Wannan jiran shi ne abin da ya fi burge ni. Sai da aka kusa shekara goma kafin babban sakamako na farko ya fito a 1957. A 1961 Dokta William Kannel da Thomas Dawber da abokan aikinsu suka nuna cewa hawan jini da yawan kitse a jini suna riga ciwon zuciya zuwa da shekaru, kuma idan suka haɗu a jiki ɗaya hatsarin ƙaruwa yake yi sosai. Taba, ƙiba, ciwon sukari da rashin motsa jiki duk su ma sun shiga sahu. Likitan da a yau ke ɗaura wa mai jin kansa garau abin awon jini a hannu, ya ce masa ya rage gishiri tun bai faɗi ba, daga wannan rijiya yake sha.

Aikin ya kusa mutuwa a ƙarshen shekarun 1960 da gwamnati ta yi niyyar janye kuɗinta. Dawber ya shiga neman tallafi daga masu hannu da shuni, kuma a 1971 Jami'ar Boston ta shigo ciki. A shekarar aka ɗauki 'ya'yan mutanen farko da matansu ko mazajensu, su 5,124, sannan jikoki a 2002.

Akwai giɓi babba. Kusan duk mutanen farko fararen fata ne, sai a 1994 aka soma shigar da baƙaƙe da sauran jinsuna. Ma'aunin hasashen ciwon zuciya da aka fitar a 1998 ya zagaya duniya, amma ba lallai ya faɗi gaskiyar jikin manomi a Katsina ko 'yar kasuwa a Maraɗi ba, domin ba da su aka yi awon ba.