Richard Hayman: Mabushin da ya zama madugun makaɗa

Mai karatu, idan kana kallon tsofaffin finafinan Amurka, na san ka sha jin wani siririn sauti mai sanyaya jiki, musamman inda jarumi ya shiga halin kaɗaici. To, busar hamonika ke nan. 'Yar ƙaramar aba ce wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Ana kafa ta a baki, a hura iska a kuma zuƙa, sai wasu 'yan harsunan ƙarfe da ke cikinta su riƙa kaɗawa. Saboda arharta, an daɗe ana ɗaukar ta kayan wasan yara. Amma raina kama ka ga gayya: da ita Richard Hayman ya kai inda manyan makaɗa suke.

An haife shi ran 27 ga Maris, 1920, a garin Cambridge na jihar Massachusetts. Tun yana saurayi ya shiga ƙungiyar Harmonica Rascals ta Borrah Minevitch, wasu mabusa da ke haɗa kiɗa da barkwanci a dandamali. Bai tsaya ga busa kaɗai ba. A nan ya soma tsara wa abokan aikinsa abin da kowa zai busa, kuma wannan sana'a ce ta riƙe shi har tsufa.

Ka san me mai tsara kiɗa yake yi? Wanda ya ƙirƙiro waƙa yakan zo ne da karinta tsurarsa, wanda ko da fito za ka iya rera shi. Mai tsarawa shi zai zauna da takarda ya raba wa makaɗa aiki ɗaya bayan ɗaya: ga inda masu goge za su shigo, ga inda masu ƙaho za su yi shiru, ga inda ganga za ta ɗaga. In ya yi kuskure, kiɗan ya zama hayaniyar kasuwa. In ya dace, 'yan kallo su yi ta hawaye, yabo kuma ya tafi ga mawaƙi da jaruma.

Irin wannan aiki Hayman ya yi wa kamfanin MGM a Holiwud. Da hannunsa a kiɗan finafinan Girl Crazy da Thousands Cheer na 1943, da Meet Me in St. Louis na 1944 wanda Judy Garland ta fito a ciki. A wancan zamani ba kasafai ake rubuta sunan masu wannan wahala a allon fim ba. Daga 1945 zuwa 1950 kuma ya koma tsara wa ƙungiyar mawaƙi Vaughn Monroe kiɗa.

Sai a 1953 duniya ta san shi. Akwai wani kari da Heinz Roemheld ya ƙirƙira don fim ɗin Ruby Gentry na 1952, wanda Jennifer Jones da Charlton Heston suka ja. Hayman ya ɗauki karin ya sake masa tsari, ya sa busarsa a gaba, tarin masu goge suna mara mata baya. Kamfanin Mercury ya fitar da faifan da sunan "Ruby", ya kuwa shiga sahun waɗanda suka fi kasuwa a Amurka a shekarar. Abar da ake rainawa ta ja gaba, manyan kayan kiɗa suna bin ta.

Duk da wannan suna bai yar da alƙalami ba. Ya yi shekaru fiye da 30 yana tsara wa ƙungiyar Boston Pops kiɗa, wadda Arthur Fiedler ya jagoranta daga 1930 zuwa 1979. Aikinsa shi ne ya ɗauko waƙoƙin fim da na rediyo ya ɗinka masu rigar da za ta dace da babbar ƙungiyar makaɗa. A 1976 aka ba shi sandar jagoranci a ƙungiyar makaɗan birnin St. Louis, ɓangaren kiɗan nishaɗi. Can ya yi suna da riguna masu ƙyalƙyali da ba'a, kuma yana cikin kaɗa sanda sai ya zaro hamonika ya hau busa.

Ya rasu a birnin New York ran 5 ga Fabrairu, 2014, yana da shekara 93.

Saboda haka, mai karatu, in an gama fim sunaye suka fara hawa allo, kada ka yi saurin tashi. Tsaya ka duba na ƙasa-ƙasan nan. Sau da yawa a cikinsu wanda ya sa ka hawaye yake.