Akwatin Ƙarfe Uku a Magarya

A ƙarshen shekarun 1990 ina riƙe da gidan kallo a Magarya: rumfar zana, bencina, talabijin ɗaya, bidiyo ɗaya da ƙaramin janareta. Kaset daga Kano yake zuwa mana, ta Ɗambatta da Ɓaɓura da Babban Mutum, a tsallako iyaka a Tinkim. Mutumin da yake saro mana shi a Ƙofar Wambai yakan cusa mujalla ɗaya ko biyu a gefen kwali. Da ita nake sanin fim ɗin da ke tafe, da wanda Kanawa suke rububi, don kada in zuba kuɗina a kan kaset ɗin da ba zai cika benci ba. Kayan aiki ce a wurina, kamar allon da nake rubuta sunan fim ɗin dare a jingine a bakin ƙofa. Yau akwatin ƙarfe uku gare ni cike da mujallun nan, rumfar kuwa ta daɗe da rushewa.

Mujallun sun zo a makare. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya tun 1990, sai ga Gimbiya Fatima, sai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, duk babu wata takarda da ke bin sawunsu wata-wata. A 1998 Sunusi Shehu Daneji ya fara buga Tauraruwa a Kano. Samarin Kano sun saba da mujallun taurarin Indiya irin su Stardust, waɗanda ake saye ko don hotuna kawai, to shi ne ya yi wa namu taurarin tasu. A cikin Tauraruwa ne sunan Kannywood ya fara fitowa, a 1999, shekara uku kafin jaridar New York Times ta Amurka ta yayata sunan Nollywood. Duk sa'ad da na ji wani yana cewa Kano ce ta kwaikwayi Legas wajen raɗin suna, na san bai taɓa riƙe tsohuwar Tauraruwa a hannunsa ba.

A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya fito da Fim daga Kaduna, kuma ita ce ta zauna da gindinta. Sheme ɗan jarida ne kuma marubuci, aikin ya nuna haka: hira doguwa wadda ake barin mutum ya faɗi ta bakinsa, labari da rana da wuri, sharhin da ba ya tsoron cewa fim bai yi ba. Ta zo daidai kan gaɓa. A shekarar ne Sangaya ya fito daga kamfanin Sarauniya, da Ali Nuhu da Fati Muhammad, waƙa da rawa suka zama su ne ke sayar da kaset. Wasila ya biyo baya a 2000. Kuɗi ya shigo, kowa ya zama furodusa, mujallu ma suka yi ta tsirowa kamar ciyawar farkon damina: Mumtaz, Garkuwa, Bidiyo, Shirin Fim, Majigi, Annashuwa. Yawancinsu ba su yi tsawon rai ba. Su ne kuma suka fi wuyar samu yanzu, domin ba a buga da yawa ba, ba kuma wanda ya ɗauka abin ajiyewa ne.

A nan gefenmu mujallar ta yi wani aiki da masu buga ta ba su yi niyya ba. Mu da Faransanci aka koya mana karatu a lakwal. Hausa muna jin ta, muna mafarki da ita, amma da yawanmu ba mu taɓa karanta shafi guda cikakke da ita ba. Matasa nawa ne suka zauna a bencina da rana, kafin a tada janareta, suna haɗa baƙi a kan hirar Ibro ko ta Hauwa Ali Dodo? Ni kaina a can hannuna ya faɗa, shi ya sa har yau nake rubuta 'yan da 'ya'ya irin na Kano, ba da harafi mai lanƙwasa da ake koyarwa a Nijar ba. Kwafi ɗaya yakan zaga unguwa, ya shiga gidajen matan aure a cikin mayafin ƙannensu, ya tafi Dungas ya dawo bango ya rabu da ciki. Mutanen Dungas ma suna da tasu hanyar: 'yan kasuwar da ke kai dabbobi Maigatari ranar Alhamis sukan dawo da sabuwar fitowa, wani lokaci kafin tamu ta iso.

Wanda yake son ya san yadda wannan sana'a ta sha wuya, ya jera fitowar shekaru a kan tabarma ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Zai ga tashin hankalin da ya biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, da kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Zai ga kukan furodusoshi a kan 'yan kasuwa da masu satar fasaha, wata bayan wata, kusan da kalmomi iri ɗaya. Zai ga 2007, shekarar da aka dakatar da ɗaukar fim a Kano, Malam Abubakar Rabo ya karɓi hukumar, aka shiga kame, har aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyantama a ƙarshen 2008, 'yan fim da yawa suka kwashe kayansu suka koma Kaduna. Sannan ga fitowar makoki, waɗanda su ne aka fi nema a wurina: ta Balaraba Muhammad a 2003, ta Ahmad S. Nuhu da ya rasu a hatsarin mota ranar 1 ga Janairu 2007. Allah ya jiƙan su. Ranar da labarin Ahmad ya iso Magarya ban kunna janareta ba.

Abin da ya sa na ƙara ƙanƙame akwatunan nan shi ne abin da na ga ya sami namu na gida. Damagaram ta riga Kannywood sanin daɗin wasan kwaikwayo. A zamanin Seyni Kunce kowane gari da samariyarsa, ana shirya wasa ana zuwa gasar matasa ta ƙasa, ƙungiyar Yazi Dogo kuma ta sa duk Nijar dariya da tunani a rediyo da Tele Sahel. Wasannin nan yawanci ba a rubuta su. A zauna a tsara labari, kowa ya san matsayinsa, magana ta fito a fili. Ba su da mujalla. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta rubuta littafi a kansu da ya fito a 1987, da Turanci. Ban da shi, idan ka tambayi wa ya fito a wane wasa, a wace shekara samariyar Magarya ta nuna me, sai dai ka nemi tsoho, tsofaffin kuma suna ta tafiya. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Kaset ɗin bidiyo ma bai tsira ba: zafi da ƙura sun cinye zaren, na'urar kunna shi ta zama sai an tona. Akwai finafinan da yanzu shaidar an taɓa yin su ita ce tallar rabin shafi a cikin Fim.

Ajiyar takarda a ƙasarmu yaƙi ne. Gara ta cinye mini fitowar kusan shekara guda a wata damina da na bar kwali a ƙasa, tun daga nan na koma akwatin ƙarfe a kan duwatsu, kowane kwafi cikin ledarsa, da ganyen bedi busasshe a tsakani. Idan iskar hunturu ta kama nakan fitar da su su sha inuwa, ba rana ba, don rana tana kashe launin bango. Allurar da aka ɗinke su da ita nakan cire, tsatsarta ke huda tsakiya. Da yawa daga hannun masu ƙosai da masu tsire na ceto su, na ba da tsofaffin jaridu a madadi. Wasu kuma zawarawa da 'yan mata na da, waɗanda yanzu suna da jikoki, suka ciro mini daga ƙasan adaka, bangon babu, don an yanke hoton an manna a ɗaki tun tuni.

Yanzu labarin 'yan fim a waya yake, Fim ma ta koma intanet, yara suna kallon Izzar So a YouTube. Watan jiya wani ɗalibi daga jami'ar Damagaram ya zo da littafin rubutunsa, yana binciken yadda finafinan Kano suka shigo Nijar. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na buɗe akwati na farko. Ya ce: "Baba, zan iya ɗaukar hotonsu?" Na ce ya wanke hannu tukuna, kuma ya fara da shafin wasiƙu, inda zai ga masu karatu daga Maraɗi da Damagaram suna rubuta wa Kaduna. Kwana uku ya yi yana ɗauka, bai gama akwatin ba.