Daga majalisar Amurka zuwa hanyar Bodinga: asalin ƙarar nan ta ɗaura bel

Duk mai bin titin da ya tashi daga Sakkwato ya ratsa Bodinga da Shagari ya nufi Tambuwal da Jega ya san wannan ƙara. Mota za ta fito daga ƙauyukan wajejen Mandera ta hau kwalta, da ta ɗan kama gudu sai wani abu ya soma kuka a gaban direba, ga ɗan jan hoton mutum da ɗamara a ƙirji yana ƙyaftawa. Kowa kuma da dabararsa ta rufe mata baki. Wani ya zagaya da bel ɗin ta bayan kujera ya maƙala shi, ya zauna a kai. Wani ya sayi ɗan ƙarfen da ake cusawa a bakin maƙalin don mota ta zaci an ɗaura. Wanda abin ya ishe shi sai ya kai wa ɗan rewaya a cikin gari ya ce a kashe ta gaba ɗaya.

Da gangan aka yi ƙarar ta zama mai damun mutum. An gwada wata ƙarar tun farko ba ta yi aiki ba, an gwada tilastawa mutane sun yi bore, sannan aka tsaya a kan wannan mai nacin. Kuma direbobinmu ba su ne suka fara faɗa da ita ba. Amurkawa sun riga su da shekara hamsin, har sai da rigimar ta kai gaban majalisar dokokinsu.

Shi bel ɗin da muka sani yau, mai ratsa ƙirji ya kama ƙugu, wani injiniya ɗan Suwidin mai suna Nils Bohlin ne ya tsara shi wa kamfanin Volvo, aka fara sa shi a motoci a 1959. Kafin nan Bohlin yana aiki ne a kan kujerun da ke cilla matuƙin jirgin yaƙi waje idan jirgi zai faɗi, don haka ya san abin da jikin mutum ke iya ɗauka. Bel ɗin da ake da shi a lokacin ƙugu kawai yake kamawa, ya bar kai da ƙirji su daki sitiyari. Volvo ta bar wa sauran kamfanoni su kwaikwayi tsarin ba tare da biyan ko sisi ba, shi ya sa ya bazu.

A Amurka, inda haɗarin mota ke cin rayuka wajen dubu hamsin a shekara a tsakiyar shekarun 1960, wani lauya mai suna Ralph Nader ya fitar da littafi a 1965 yana zargin kamfanonin mota da fifita ado a kan rayukan mutane. Shekarar da ta biyo baya majalisa ta yi dokar kare lafiyar masu hawa mota, daga farkon 1968 kuma ya zama wajibi kowace sabuwar mota ta zo da bel. Bel ya zo, amma ba mai ɗaurawa. Jihar Victoria ta ƙasar Ostireliya ta ɗauki hanya mafi gajarta a 1970, ta ce duk wanda bai ɗaura ba ya karya doka. Amurkawa ba su so a ba su irin wannan umarni ba, sai hukumarsu ta kula da lafiyar tituna ta juya ga na'ura: tunda ba za a tilasta wa mutum ba, bari mota ta yi aikin.

Abin da hukumar ta fi so shi ne jakar iskan nan da ke fashewa ta tare mutum idan an yi karo, domin ba ta buƙatar direba ya yi komai. Kamfanoni suka ce ta yi tsada kuma ba ta gama nuna ba. A watan Afrilun 1971 Henry Ford na Biyu da Lee Iacocca, shugabannin kamfanin Ford, suka je wurin Shugaba Richard Nixon suka kai kukansu, kuma naɗaɗɗiyar muryar wannan ganawa tana nan. Aka ɗage maganar jakar iska. Ana cikin haka, motocin da aka ƙera daga farkon 1972 suka zo da fitila da wata ƙara mai kaushi wadda ke tashi idan an sa giya ba a ɗaura bel ba. Wannan ita ce kakar ƙarar da muke ji yau.

Ba ta tsinana komai ba. Masu bincike sun tsaya a bakin titi suna leƙen direbobi, suka tarar kashi 18 cikin ɗari ne ke ɗaurawa a motocin da ke da ƙarar, kashi 16 a waɗanda ba su da ita. Mutane sun gano dabarar da direbobinmu ke yi yanzu: a maƙala bel a bayan kujera a bar shi nan har abada.

Sai aka ƙara matsa lamba. Motocin samfurin 1974, waɗanda suka fara fita a ƙarshen 1973, an haɗa maƙalin bel ɗinsu da makunnin mota. Idan akwai nauyi a kujerar gaba kuma ba a ɗaura ba, ko ka murɗa makulli mota ba za ta tashi ba. An ma tsara ta yadda sai an bi jeri, a zauna tukuna sannan a ɗaura, don kada dabarar maƙalawa a baya ta yi aiki. Yawan masu ɗaurawa ya tashi sosai, amma fushin jama'a ya fi shi tashi. Mace ta ajiye kayan cefane a kujerar gaba, mota ta ƙi tashi sai ta ɗaure cefanen. Mutum yana son ya matsar da mota taku biyu a ƙofar gida, sai ya ɗaura. Na'urar kuma takan lalace ta bar mutum a hanya alhali ya ɗaura. Wasiƙun ƙorafi suka yi wa 'yan majalisa ruwa, kanikawa suka samu kasuwar tsinke wayoyi. A watan Oktoban 1974 majalisa ta yi doka, Shugaba Gerald Ford ya sa hannu, aka hana hukumar tilasta wannan na'ura, aka kuma ce ba ta da ikon wajabta ƙarar da ta wuce daƙiƙa takwas.

A ganina nan ne aka yi babbar asara. Mutane suna da gaskiya da suka ƙi motar da ke ƙin tashi saboda buhun kaya. Amma cikin fushi majalisa ta haɗa da ƙarar ta datse ta, ta koma 'yar gaisuwa ta daƙiƙa huɗu zuwa takwas wadda kan ƙare kafin direba ya gama gyara madubi. A farkon shekarun 1980 masu ɗaura bel a Amurka ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba. Daga baya dai hanyar da Ostireliya ta bi ita aka dawo aka bi: Birtaniya ta wajabta ɗaurawa a kujerun gaba a 1983, jihar New York ta yi tata dokar a 1984, sauran jihohi suka biyo ɗaya bayan ɗaya. Duk tsohuwar Honda ko Camry ta shekarun 1990 da aka shigo da ita daga Amurka, wadda kan yi ƙara kaɗan idan an murɗa makulli sannan ta yi shiru, tana bin waccan doka ce ta 1974.

Ƙarar mai naci ta dawo ne ta wata ƙofa. Dokar ta hana gwamnati tilastawa ne, ba ta hana kamfani ya sa da kansa ba. Wajen 1999 zuwa 2000 Ford ta fito da tsarin da ta kira BeltMinder, wanda ke yin ƙara na ɗan lokaci, ya huta, ya sake, har tsawon minti biyar. Binciken da aka yi ya nuna masu ɗaurawa sun ƙaru daga kashi 71 zuwa 76. A Turai kuwa hukumar Euro NCAP, wadda ke gwada motoci ta ba su taurari tun 1997, ta fara ba da ƙarin maki a 2002 ga motar da ke da ƙarar da ba ta gajiya. Kamfanoni suna son taurari biyar don su sayar da mota, sai kowa ya sa. Masu bincike na Suwidin sun tarar a irin waɗannan motoci kusan kowane direba yana ɗaurawa. A 2012 majalisar Amurka ta janye ƙa'idar daƙiƙa takwas, daga watan Satumban 2019 Turai ta fara wajabta wa sababbin samfurin motoci tunatarwa har a kujerun baya, Amurka ma ta fitar da irin wannan ƙa'ida a watan Disamban 2024.

Mu a nan ba mu halarci ko ɗaya daga cikin waɗannan muhawarori ba, sakamakonsu kawai ya iso mana a jirgin ruwa. Lokacin da kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma 504 ta mamaye tashoshin Arewa, direbobi ba su san wannan ƙara ba. Bayan tattalin arziki ya karye kuma darajar naira ta faɗi daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, sai kasuwa ta koma kan tsofaffin motocin Turai da Amurka, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano saboda tashoshin jiragen ruwan da ake loda su da inda ake sauke su. Gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017, amma tushen motocin bai canza ba. Shi ya sa motoci biyu za su tsaya a tasha ɗaya a Shagari, ɗaya ta yi ƙara sau biyar ta yi shiru, ɗaya ta dinga yi tana ƙara ƙarfi. Bambancin yana ga shekarar da aka ƙera su da ƙasar da aka ƙera su dominta.

Dokarmu ta biyo tata hanyar daban. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988 zamanin Janar Babangida, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, kuma ta fara tilasta ɗaura bel a ranar 1 ga Janairun 2003. Abin da ya biyo baya kowa ya gani da idonsa. Direba na hango jami'ai a gaba sai ya jawo bel ya rataya a kafaɗa, ya ce wa na gefensa, "Alhaji, don Allah ja bel ɗin nan," ana wucewa a sake shi.

Bai kamata a raina dalilan mutane ba, domin wasu na gaskiya ne. Bel ɗin motar da ta shekara tana shan ƙurar hunturu zai bar baƙin layi a ƙirjin farar shadda, mutum kuma ɗaurin aure za shi. Zafin Sakkwato a watan Afrilu yakan haura digiri 40, ga mota babu na'urar sanyi. Sannan a ƙarƙashin kujerar fasinja akwai shimfiɗar da ke jin nauyi, ba ta bambance mutum da kaya, don haka manomin da ya ɗora buhun albasa ko na gero a gaba zai sha ƙara har kasuwa. Wani lokaci kuma ƙura da tsatsa ne suka shiga maƙalin, ɗan makunnin da ke ciki ya daina jin shigar ƙarfen, sai mota ta dinga kuka alhali an ɗaura. Duk waɗannan suna da magani mai sauƙi: a jawo bel ɗin duka a wanke shi da ruwa da sabulu a bar shi ya bushe, a mayar da buhu baya, a busa maƙalin ko a canza shi. Ɗan rewayan kirki zai gyara makunnin ne, ba tsinke waya ba, musamman da yake a ƙarƙashin kujerar nan akwai wayoyin da suka shafi jakar iska.

Ɗan ƙarfen nan na yaudara shi ya fi tayar mini da hankali. A motocin zamani kwamfutar mota na amfani da labarin da maƙalin ya ba ta, a wasu samfura har wajen yanke shawarar yadda za ta saki jakar iska. Ka gaya mata ka ɗaura alhali ba ka ɗaura ba, ga jakar iskan da aka tsara don ta tari mutumin da bel ya riga ya riƙe. Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, a gudun kilomita 100 kuwa kusan mita 40 ne, kuma ba gudun 50 ake yi a miƙaƙƙen titin da ke tsakanin Bodinga da Shagari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel na rage haɗarin mutuwar wanda ke kujerar gaba da kusan rabi. Ga mutumin ƙauye lissafin ya ma fi haka nauyi, domin wanda ya samu rauni a kai ko a ƙashin baya sai an kwashe shi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a cikin Sakkwato, sau da yawa a bayan motar wani mai wucewa. Masu cewa idan kwana ya ƙare bel ba ya hanawa sun faɗi gaskiya, amma malamanmu ba su taɓa raba tawakkali da riƙon sababi ba.

Akwai matsalar da wanki da gyara ba sa warwarewa. A motocin haya, Golf da Sharan da ire-irensu, fasinja biyu ake sawa a kujerar gaba, bel kuwa ɗaya ne. Direba ba don mugunta yake yi ba, kuɗin mai ne ya sa, musamman tun da aka cire tallafi a 2023. Injiniyoyin Jamus da suka auna shimfiɗar nauyin nan ba su taɓa tunanin mutum biyu a kanta ba. Wannan magana ce ta ƙungiyar direbobi da masu kayyade kuɗin mota da jami'an kiyaye haɗurra, kuma har yanzu ba a warware ta ba. Motocin da ake ƙerawa a Turai yau, masu ƙara saboda kujerun baya, za su iso tashoshinmu nan da shekara goma ko sha biyar, su tarar ana loda mutum huɗu a inda aka tanadi bel uku.