Gobarar Bishiyar Kirsimeti da Inshorar Gida a Amurka

Bishiyar Kirsimeti itace ce mai ganye kamar allura da ake sarowa a kafa a falo a watan Disamba, a yi mata ado da fitilu. A da kyandir ake kunna mata. A 1882 ne Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya fara rataya mata ƙwayayen lantarki a birnin New York, amma kyandir bai ɓace nan da nan ba. A daren 24 ga Disamba 1924 kyandir ya kama bishiya a makarantar Babbs Switch ta jihar Oklahoma, mutum 36 suka rasu.

Irin wannan gobara ba ta da yawa. Alƙaluman ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, na 2015 zuwa 2019 sun nuna kimanin gidaje 160 a shekara, da asarar dukiya ta kusan dala miliyan 10. Sai dai idan ta tashi, ba ta jira. A Janairun 2022 wata da ta faro daga bishiya ta ci rayuka 12 a Philadelphia. Kusan rabin irin wannan gobara daga lantarki take farawa: wayar da ta zaizaye, ko soket ɗin da aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsa. Sauran kuwa sun haɗa da ajiye bishiyar dab da murhu ko hita.

Bushewa ita ce tushen haɗarin. Gwaje-gwajen wata cibiyar bincike ta Amurka, NIST, sun nuna busasshiyar bishiya na kamawa ƙurmus cikin daƙiƙu, alhali wadda ake shayarwa kullum da ƙyar wuta ke cin ta. Shi ya sa mai saye ke shafa reshe tun a kasuwa. Idan ganye ya zubo masa a hannu, sai ya wuce. A gida ana datse kamar inci 2 daga gindin, domin ƙaron da ya daskare a bakin saran yana toshe hanyar ruwa, sannan a tsoma shi a mazubin ruwa, kada a bar ruwan ya ƙafe. Ana ba ta tazarar ƙafa 3 daga duk abin da ke fitar da zafi, a kashe fitilu kafin barci. Da biki ya wuce a fitar da ita, don a watan Janairu ta fi bushewa.

Ta fuskar inshora, takardar da masu gidaje suka fi saye ita ce HO-3, kuma gobara na cikin abin da take biya. Tana ɗaukar gyaran ginin, da kayan ciki, da kuɗin masauki idan gidan bai zaunuwa, da diyyar baƙo ko maƙwabcin da wutar ta shafa. Sakaci irin na mantawa da shayar da bishiya ba ya hana biya a bisa al'ada. Wutar da mai gida ya cinna da gangan ce ba a biya. Ɗan haya kuwa sai ya sayi tasa, HO-4, domin inshorar mai gida ba ta rufe kayansa.

Inda mutane suka fi cizon yatsa shi ne wajen lissafi. Akwai kason da mai gida ke biya daga aljihunsa kafin kamfani ya sa hannu. Kuma wata takardar inshorar kuɗin sabon kaya take bayarwa, wata kuwa sai ta cire tsufan kayan tukuna, ta yadda kujerar shekara goma ba za ta kawo kuɗin sabuwa ba. Wanda ya ɗauki hoton kayan ɗakinsa ya adana rasiɗi tun kafin Disamba ya fi samun sauƙin karɓar haƙƙinsa.