Kafin Kwano Ya Hau Kan Ɗaki

A watan Afrilu, da azahar, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, duk wanda ya taka ƙafa cikin sorayen Gidan Makama zai ji kamar an yayyafa masa ruwan randa. Babu fanka, babu na'urar sanyaya ɗaki. Ƙasa ce kawai da itacen giginya, sai kuma duhu-duhun da ido ke ɗaukar ɗan lokaci kafin ya saba da shi.

Wannan duhun ne ya dami Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin da aka sani da Abdulkarim, sa'ad da ya sauka Kano a 1851. Ya koka a rubuce-rubucensa da duhun masaukin da aka ba shi. Baƙo ne daga ƙasar da ake marmarin rana, don haka ba a ga laifinsa ba. Amma maginin da ya yi ɗakin da gangan ya ƙuntata tagar, ya kai ta can sama kusa da rufi, domin a nan ƙasar rana ba baƙuwar da ake buɗe wa ƙofa ba ce.

Sirrin yana cikin bango. Ana haƙo jar ƙasa daga kududdufi, a kwaɓa ta da ruwa da yankakkiyar ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta tsumu, sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini na zaune a kan bango, yara na jefa masa tubalin ɗaya bayan ɗaya yana cafewa. A manyan gine-gine kaurin bangon daga ƙasa kan kai mita guda, yana sirancewa yayin da yake hawa. Irin wannan bango ba ya barin zafi ya ratsa shi da gaggawa. Yakan sha rana tun hantsi, amma kafin ɗumin ya iso ciki, la'asar ta yi sanyi, magariba ta kawo jiki.

Rufin ma ƙasa ce, an ɗora ta a kan azara, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika yi wa ɓarna ba. Sai dai azara guda ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar mita biyu. Daga wannan ƙarancin ne gwanaye suka fito da bakan gizo da ɗaurin guga, suna jera azara hawa-hawa suna ɗaurewa, suna lulluɓewa da laka, har rufi ya tashi ya zama tulluwa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin shekarun 1830 da 1840, shi ne abin nuni a wannan fanni. Masu kallo kan tsaya a kyan zanen, amma tsayin rufin na da wani aikin: iska mai zafi takan tashi ta taru can sama, ta bar masu salla a ƙasa cikin sauƙi.

To amma bangon da ya tare zafi da rana, da dare yake amayar da shi. A tsakiyar bazara soro kan zama kamar tanda bayan isha'i. Mutanen da sun san da haka, shi ya sa ba a tsara gida domin a wuni a kwana a ɗaki ɗaya ba. Maigida na zaure da rana, inda ƙofofi biyu da ba sa kallon juna ke jawo iska ba tare da na waje ya hango cikin gida ba. Mata na ƙarƙashin rumfa ko inuwar bishiyar tsakar gida, kusa da randar da ke gumi tana sanyaya ruwa. Da dare sai a yayyafa wa daɓe ruwa, a fito da tabarmi, wasu su hau kan soro. Iyali kan bi inuwa da iska ne su zagaye gidan a kowace rana.

Da hunturu kuwa, ƙaramar tagar nan ta biya kuɗinta. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ba ta samun babbar kafar shiga, tsumma guda ya isa a toshe. Tsofaffi na da gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, inda ake zuba garwashi ya ɗumama shimfiɗa har asuba.

Inda tsohon gida ya gaza shi ne wajen hayaƙi, kuma masu yabon gargajiya ba su cika son a taɓo nan ba. Ɗakin jinka yana da sauƙi, domin hayaƙi kan sulale ta cikin ciyawa, har ya kori ƙwari a hanya. Soro ba shi da wannan mafita. Da damina, idan aka mayar da murhu ciki da ɗanyen itace, mace da goyonta su ke shaƙar abin da ya mayar da azara baƙa ƙirin da kunkunniya. Ga fitilar aci-balbal, ga kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Turaren wuta, wanda matan Barno suka yi fice da haɗa shi, yana gyara ƙamshin ɗaki, amma shi ma hayaƙi ne a kan hayaƙi. Cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa kuma yana taimakon sanƙarau wajen yaɗuwa a lokacin zafi. A annobar 1996 cutar ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, akasari a Arewa, kuma har yau shawarar ma'aikatan lafiya ba ta sauya ba: a buɗe taga, a rage cunkoso.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma ta wannan hanya kwano da siminti suka riƙa shigowa da yawa. Kuɗin gyaɗa ya fara saya wa attajirai kwano, daga baya kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1974 suka kai shi unguwannin ma'aikata. Wanda ya zaɓi kwano ba wawa ba ne. Soro na son yaɓe kusan kowace shekara kafin ruwa ya sauka, ana share indararo, ana shafa makuba daga ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin dabba da dafara. Da marinai suka yi ta mutuwa, katsin ma ya yi wuya. Wanda ya taɓa kwana yana tara ƙwarya a ƙarƙashin yoyo, ko ya ji bango ya rufta wa maƙwabci cikin ruwan Agusta, ba ya bukatar dogon bayani.

Sai dai kwano ya zo da nasa lissafin. Bulo mai rami da siririn rufin ƙarfe ba sa jinkirta zafi kamar bangon ƙasa. Sai aka nemi silin, aka nemi fanka, fanka ta nemi lantarki, lantarki ya ƙi zama, aka sayo janareta. Hayaƙin janaretan da aka kunna a cikin gida don tsoron ɓarayi ya sha hallaka iyali guda cikin barci.

A Nijar ba a saki ƙasa da wuri haka ba. Masallacin Yama da ke yankin Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A garin Dandaji kuma, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, aikin da aka kammala a 2018. Sun bar kafofin da iska za ta shiga ta fita da kanta, kuma da aka zo gyaran tsohon ginin, tsofaffin maginan da suka san shi aka kira.