Tarihin kulob ɗin Bramley, wanda ya rasa filinsa

Jama'a, yaranmu na nan zango sun haddace sunayen 'yan ƙwallon Ingila fiye da karatun allo. Amma akwai wani wasa a can da ba mu cika jin labarinsa ba, wato zari-ruga: ƙwallo mai siffar ƙwai, a ɗauka a hannu a ruga, abokin hamayya ya cafke mutum ya kayar. Tarihin wani ƙaramin kulob nasa muka kawo, na unguwar Bramley a birnin Leeds.

An kafa shi a 1879. A wancan zamani masu buga wasan a arewacin Ingila leburori ne, ma'aikatan masaƙa da masu haƙar kwal. Asabar ranar aiki ce, wanda ya bar aiki ya tafi wasa kuwa sai a yanke masa kuɗin ranar. Kulob-kulob ɗin arewa suka nemi izinin biyan 'yan wasansu abin da suka rasa. Shugabannin wasan a Landan, waɗanda yawancinsu masu hali ne, suka ce atafau, ba a karɓar kuɗi a kan wasa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa rufe rumfa wuni guda don sabgar jama'a ya san wanda ke da gaskiya a nan.

Ranar 29 ga Agusta 1895 aka yi taro a otal ɗin George da ke Huddersfield, 'yan arewa suka ɓalle. Kulob 22 ne suka fara sabuwar gasar, aka yarda a biya ɗan wasa har sule shida a rana. Bramley ya bi sahu a 1896. A 1906 aka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13 a kowane ɓangare, wannan reshe shi ake kira Rugby League har yau.

Bramley bai taɓa zama babba ba. Wani tsohon filinsa ma a bayan wata mashaya yake, Allah ya kiyaye, kafin ya koma filin McLaren da ke daf da shi. Babban kofi ɗaya tak ya taɓa ci, a Disambar 1973, da ya doke Widnes 15 da 7. Abin dariya, gasar ta wasan dare ce a ƙarƙashin fitilu, amma ƙarancin lantarki da Ingila ke fama da shi a lokacin ya sa aka buga wasan ƙarshen da rana tsaka. Ashe ba mu kaɗai ake ɗauke wa wuta ba.

To, a 1995 kulob ɗin ya bar filin McLaren, aka gina gidaje a wurin. Daga nan sai yawo. Har ya zama ɗan haya a Headingley, filin babban kulob ɗin Leeds. Mu da muke zaman baƙunta mun san yadda abin yake: dattijon da ya saba takawa da ƙafa ya je kallo, yanzu sai ya shiga mota zuwa unguwar wasu, wata ran ya je, wata ran ya ce a bari sai wani mako. A ƙarshen 1999 Bramley ya janye daga gasar, yana da shekara 120.

Magoya bayansa ba su haƙura ba. Suka kafa ƙungiyar gama-kai, kowa ya biya kuɗin zama mamba, kowane mamba ƙuri'a ɗaya, ba wani attajiri da zai ce kulob nasa ne. Wannan tsari mun yaba masa ƙwarai, don ya hana mutum ɗaya ya yanke hukunci a kan dukiyar jama'a. Suka nemi komawa cikin ƙwararru, ba a karɓe su ba. Sai suka shiga ƙaramar gasa a 2004 da sunan Bramley Buffaloes. Masu tsaron ƙofa da masu tara kuɗi da masu shirya ranar wasa duk 'yan sa-kai ne, kowa bayan ya tashi daga nasa aikin. A 2006 suka zama zakarun rukuninsu.

Sai dai filin da suka dawo suka fara wasa a kai na maƙwabta ne, 'yan Stanningley. Inda McLaren yake a da kuwa, mutane ne ke kwana a ɗakunansu.